Kujerar Waƙafi ta Ilmin Siyasa: Yadda Ake Neman Malamin da Zai Hau Ta, da Ma'aunin da Rano Ta Bayar

A jami'o'in duniya akwai wani matsayi na malanta wanda ya bambanta da sauran, watau wanda wani attajiri, ko sarki, ko kamfani ya ajiye dukiya dominsa, aka yi sharaɗi da ribar dukiyar nan za a riƙa ɗaukar nauyin malami guda, shi kuwa ya duƙufa ga fanni guda na ilmi. Wannan matsayi shi ake kira kujerar waƙafi. In kujerar ta lissafi ce ko ta ilmin ma'adinai, neman wanda zai hau ta ba ya da wata sarƙaƙiya, gama ba safai binciken masanin lissafi yake ɓata wa mai mulki rai ba. In kuwa ta ilmin siyasa ce, to, magana ta sake, domin abin da malamin zai bincika shi ne mulki da masu mulki, waɗanda suke da halin kafa kujera kuwa galibi ko su ne masu mulkin, ko makusantansu. Wannan takarda za ta bayyana asalin irin wannan kujera, da hanyar da ake bi a nemo malaminta, sa'an nan ta kawo sha'anin sarautar Rano, wadda Kibiya take ƙarƙashinta, ya zama ma'aunin da za a auna malamin da kujerar duka biyu.

Kalmomi uku

Kyautuwa ya yi a fara da kalmomin kansu. Kujera a nan fassara ce ta abin da Larabawa da Turawa suke faɗi. A masallacin Ƙairawiyyin na birnin Fas akwai kujerun karatu waɗanda aka yi wa hubusi, malami ya hau ya karantar, ɗalibai suna zaune a ƙasa kewaye da shi. Da Bahaushe ne ya fara raɗa sunan, da watakila buzu zai ce, domin a kan buzu malamin zaure yake ba da karatu. Amma akwai bambanci. Buzu na malamin ne, ɗansa ko babban almajirinsa yakan gaje shi. Kujera kuwa ta jami'a ce, wanda ya hau ta riƙo yake yi, ran da ya sauka sai a sake fita nema.

Waƙafi, ko hubusi kamar yadda littattafan Malikiyya suka fi kiransa, shi ne a tsare asalin dukiya, kada a sayar, kada a bayar, kada a gada, a riƙa ciyar da amfaninta ta hanyar da mai ita ya ambata. Abin da Turawa suke yi wa kujerunsu ke nan, ko da yake sunan da suke ba shi dabam ne.

Kalma ta uku ita ce mai rikici. Siyasa Larabci ce, tushenta kuwa yana komawa ga kiwon doki da horar da shi, daga nan aka ɗauke ta zuwa iya tafiyar da jama'a. A tsohuwar Hausa ma'anarta lallashi ne da sassauci da iya zama da mutane, har mai saye yakan roƙi mai sayarwa ya yi masa siyasa, watau ya rage masa kuɗi. Da jam'iyyu suka kunno kai, NEPU a 1950, Jam'iyyar Mutanen Arewa kuma ta zama jam'iyyar neman mulki a 1951, sai kalmar ta koma nufin takara da neman ƙuri'a. Daga baya ma ta ƙara zamewa, har in aka ce magana siyasa ce, ana nufin ba gaskiya a cikinta. Saboda haka mutumin karkara in ya ji an ce shaihun malamin siyasa, ba mamaki ya zaci mai koya wa 'yan takara dabarun cin zaɓe ne. Alhali ilmin siyasa, wanda jami'o'i suke kira kimiyyar siyasa, ya fi kusa da tsohuwar ma'anar: binciken yadda ake samun iko, da yadda ake riƙe shi, da yadda ake taka masa burki.

Asalin al'adar

A 1067 aka buɗe makarantar Nizamiyya a Bagadaza, wadda waziri Nizamul Mulki ya gina ya yi mata waƙafi. Malamin da aka gina ta dominsa shi ne Abu Ishaƙ Shirazi. Masu tarihi sun ruwaito cewa ran buɗewa jama'a suka taru, malam bai zo ba, domin an gaya masa akwai ƙwace a filin da aka yi ginin. Sai aka zaunar da Ibn Sabbag ya riƙe karatun kamar kwana 20, ana ta bin Shirazi da lallashi har ya yarda. A kan wannan matsayi ne aka naɗa Imam Gazali a 1091, ya bar shi don kansa a 1095. Tun daga nan ana iya ganin hali guda na babban malami: shi ma yana bincikar mai kiransa kamar yadda mai kiran yake bincikarsa.

A Turai, kujerar da ake ɗauka ita ce mafi tsufa a ilmin siyasa tana Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin. Johan Skytte, wani babban bafaden sarkin ƙasar, shi ya kafa ta a 1622 domin koyar da fasahar magana da sha'anin mulki, ya bar mata gida da gonaki. Malamanta na farko daga ƙasar Jamus aka ɗauko su. Ga shi ta haura shekara 400 tana nan, dalili kuwa shi ne an kafa ta a kan ƙasa da gini, abin da ba ya narkewa.

Ƙasar Kano ba baƙuwa ba ce ga karɓar babban malami a kan sha'anin mulki. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim Magili, mutumin Tilimsan, ya sauka a Kano, ya rubuta wa sarki littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Bayan shekara ɗari uku da 'yan kai, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya iso Kano da niyyar wucewa gabas, jama'ar gari suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan tsarin mulki da shari'a. Dukansu biyu baƙi ne, dukansu biyu kuma ba su daɗe ba suka wuce. Ilminsu ya zauna a littafi, amma ba a bar wata dukiya da za ta zaunar da magajinsu a wurin ba. Wannan giɓi shi ne kujerar waƙafi take cikewa.

A Nijeriya ta zamanin nan, misali mafi kusa yana ƙasar Yarbawa. A 2016 Awujale na Ijebu, Oba Sikiru Adetona, ya kafa kujerar nazarin shugabanci a sashen kimiyyar siyasa na Jami'ar Olabisi Onabanjo da ke Ago-Iwoye. Wanda ya fara hawanta shi ne Farfesa Ayo Olukotun, wanda ya rasu a 2023. Sarkin kansa ya rasu a 2025, bayan shekara 65 a kan gadon sarauta. A Kano kuwa, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta kafa kujera a Jami'ar Bayero a 2019, amma ta fannin sadarwa ce. A ɓangaren siyasa, jami'ar tana da Gidan Mambayya, watau gidan marigayi Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, wanda aka mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a 2000, Farfesa Attahiru Jega ya zama shugabanta na farko.

Yadda ake nema

Aikin yakan fara ne da takardar waƙafi. A cikinta ake rubuta sunan kujera, da fannin da za ta tsaya a kai, da yawan dukiyar, da wanda zai kula da ita, da wa'adin malami: ko shekaru ƙididdigaggu ne waɗanda ake iya sabuntawa, ko har ya yi ritaya. Al'adar manyan jami'o'i ita ce kada a ci fiye da kashi 4 ko 5 cikin 100 na dukiyar a shekara. Ga misalin lissafin: in ana bukatar naira miliyan 40 kowace shekara domin albashi da littattafai da tafiye-tafiyen bincike da ɗalibai biyu ko uku, to, sai an ajiye abin da ya kai naira miliyan 800. A nan akwai abin lura ga mai waƙafi a Nijeriya. A watan Mayu na 2023 dala guda kamar naira 460 take a farashin hukuma, cikin 2024 ta haura naira 1,500. Kujerar da aka kafa da tsabar kuɗi kaɗai aka ajiye a banki, ta yi asarar fiye da rabin ƙarfinta ba tare da kowa ya taɓa ko kwabo ba. Gonakin Skytte sun fi wannan dabara.

Daga nan sai a naɗa kwamitin nema, a sa manyan malaman fannin, na gida da na wasu jami'o'i. Akan buga shela a jaridu, amma shela ita kaɗai ba ta kawo wanda ake so, domin malamin da ya cancanci irin wannan kujera yana da wurin zamansa, da ɗalibansa, da mutuncinsa, ba ya kuwa son ya rubuta takardar neman aiki a ƙi shi. Sai 'yan kwamiti sun tashi sun same shi, kamar yadda ake zuwa neman aure. Abin da yake jawo shi kuwa ba albashi ne kaɗai ba. Yana duba ko za a rage masa nauyin aji ya sami sukunin rubutu, ko akwai ɗakin karatu na kirki, ko akwai kuɗin ɗaukar ɗaliban digiri na uku, ko kuma za a bar shi ya faɗi abin da ya gano. Akwai kuma maganar shekaru. Dokar 2012 ta sa farfesa a jami'o'in Nijeriya yana ritaya ne a shekara 70. Kwamitin da ya ɗauko mai shekara 68 domin girman sunansa, ya sami suna, amma bai sami wanda zai yaye ɗalibai ba.

In an tace sunaye, sai a aika da rubuce-rubucen kowane ɗaya ga alƙalai na waje, galibi mutum uku, waɗanda ba a bayyana wa mai takara sunayensu. Su za su karanta, su faɗi ko aikin ya ƙara wa ilmi wani abu, ko maimaici ne. Sa'an nan majalisun jami'a su tabbatar. Daga ƙarshe malamin ya yi laccar hawa kujera a bainar jama'a, ya bayyana abin da ya sa gaba.

Mai karatu da ya san sarautar Kano zai ga kama tsakanin kwamitin nan da masu zaɓen sarki, watau Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Ko'ina darajar masu zaɓe tana rataye ne ga abu guda: ko wanda zai sa hannu a ƙarshe yana bin abin da suka zaɓa, ko kuwa ya riga ya yanke nasa, su shaida kawai aka kira su yi.

Hannun mai waƙafi

A nan ne kujeru da yawa suka yi tuntuɓe. A 1919 aka naɗa Arnold Toynbee a kan kujerar tarihi da harshen Girka ta Kwalejin Sarki a Landan, wadda attajiran Girkawa mazauna Ingila suka tara wa kuɗi. A 1921 ya tafi ƙasar Turkiyya ya ga yaƙin da ake yi tsakanin Girkawa da Turkawa, ya rubuta ta'asar da ya ce ya ga sojan Girka sun yi. Masu kuɗin suka fusata, suka tasa shi gaba, har ya ajiye kujerar a 1924. A Amurka kuma, wani attajiri mai suna Lee Bass ya ba Jami'ar Yale dala miliyan 20 a 1991, daga baya ya nemi sai da yardarsa za a naɗa malaman da za a ɗauka da kuɗin. Jami'ar ta mayar masa da dukiyarsa a 1995.

Abin sha'awa shi ne fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Kano ya riga ya yi maganin wannan matsala. A mazhabar Malikiyya hubusi ba ya cika sai mai shi ya ɗauke hannunsa daga dukiyar ta koma hannun wani, in kuwa ya mutu tana hannunsa, hubusin ya ɓaci. Ba a kuma yarda ya naɗa kansa mai kula da abin da ya yi hubusinsa ba. Yana da ikon gindaya sharaɗi tun farko, a kuma bi sharaɗin muddin bai saɓa wa shari'a ba. Watau yana iya cewa kujerar ta tsaya ga nazarin sarauta da mulkin karkara a ƙasar Hausa, a bi masa wannan har abada. Amma ba shi da ikon ya dawo bayan shekara uku ya ce a sauke malamin domin abin da ya rubuta bai yi masa daɗi ba. Jami'ar da take son ta gamsar da attajiri ko sarki a ƙasar Hausa a kan wannan batu, ba sai ta je Landan neman hujja ba.

Rano da Kibiya

Yanzu sai a ga irin aikin da yake jiran malamin. Rano tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini, sarkinta kuma ana yi masa laƙabi da Autan Bawo. Bayan jihadi, wanda a cikinsa aka kashe Sarkin Kano Alwali a Burumburum wajen 1807, ƙasar Rano ta zauna cikin masarautar Kano. A 1981 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya ɗaga darajar Rano da Gaya da wasu garuruwa, a 1983 gwamnatin Sabo Bakin Zuwo ta soke. A watan Mayu na 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta kafa masarautun Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi masu daraja ta ɗaya, Rano ta sami ƙananan hukumomi 10 cikin 44 na jihar. Kotu ta rushe dokar a watan Nuwamba, majalisa ta sake wata a watan Disamba. Ran 23 ga Mayu, 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun, a watan Yuli na shekarar kuma aka sake kafa Rano a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi uku: Rano da Kibiya da Bunkure.

Cikin shekara 43 ke nan an ɗaga an sauke sau da yawa haka. Tambayoyin da wannan ya haifar su ne ainihin ilmin siyasa. Wa yake da ikon kafa sarauta ko rushe ta, tarihi ne, ko majalisa, ko kotu? Me ya sake ga manomin Kibiya a kowane juyi: ina dagacinsa yake kai rikicin gona ko na makiyaya, wa hakiminsa yake yi wa mubaya'a, ina kason da ƙaramar hukuma take ba masarauta yake tafiya? Mutanen da suka yi murna a 2019 da waɗanda suka yi murna a 2024, mene ne hujjar kowanne, a bakinsu?

Akwai kuma abin da sai mai jin Hausa zai lura da shi. Takardun doka da Ingilishi ake rubuta su, a cikinsu kuwa sunan mai riƙe da Rano yana sakewa daga hakimi zuwa sarki mai sanda, ya sake dawowa. A bakin mutanen ƙasar kuwa Sarkin Rano yake tun fil azal, ko yana hakimi ko yana da sanda. Kalma guda ta Hausa ta rufe matsayi biyu waɗanda doka ta raba. Wanda ya tsaya ga takardun Ingilishi zai ce an ƙirƙiri sarauta a 2019, wanda ya saurari mutanen Rano zai ji suna cewa an mayar musu da abinsu ne, mutumin birni kuma ya ce an yanki ƙasar Dabo. Malamin da ba ya rarrabe naɗi da tuɓewa da murabus, ko caffa da mubaya'a da barantaka, ba zai gane abin da ake jayayya a kansa ba. Manyan littattafan da aka rubuta kan mulkin Arewa, na M. G. Smith kan Zazzau a 1960, da na B. J. Dudley a 1968, da na C. S. Whitaker a 1970, da na John Paden kan Kano a 1973, duk da Ingilishi suke, mutanen da aka rubuta labarinsu kaɗan ne suka karanta su. Saboda haka ya kamata sashen Hausa ya sami murya a kwamitin nema, a kuma sa sanin Hausa da iya karanta Larabci da ajami cikin sharuɗɗa.

Ko ta yaya malamin ya amsa tambayoyin Rano, lalle amsar za ta sosa wa wani rai, ko a gidan gwamnati, ko a wata fada. Wannan kuwa ba abin wasa ba ne a Kano. Ran 10 ga Yuli, 1981, a tarzomar da ta biyo bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe Dokta Bala Muhammad, malamin kimiyyar siyasa na Jami'ar Bayero, wanda a lokacin yake ba gwamna shawara kan siyasa. Allah ya jiƙansa. Wanda duk ya san wannan tarihi, in aka zo masa da tayin kujera, tambayarsa ta farko ita ce wa zai tsaya masa ran da magana ta yi zafi.

Sharuɗɗan da suka kamata

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da sharuɗɗa biyar. Na ɗaya, a kafa kujerar a kan dukiya mai ɗorewa, gidajen haya ko gonaki ko hannun jari, a danƙa ta ga amintattu waɗanda mai waƙafi ba ya cikinsu. Na biyu, mai waƙafi ya faɗi fanni, jami'a ta zaɓi mutum. Na uku, a rubuta tun farko cewa ba a sauke malami saboda sakamakon bincikensa, sai dai saboda barin aiki ko rashin amana, shi ma sai bayan kwamitin malamai 'yan'uwansa ya saurare shi. Na huɗu, shi malamin kada ya haɗa kujerar da riƙon muƙamin gwamnati, ko na jam'iyya, ko karɓar rawani, muddin yana kanta, domin 'yancin da aka ba shi amana ne, ba a kuwa yi wa mutum katanga ta gaba shi ya buɗe ƙofa ta baya. Na biyar, ya riƙa yin lacca guda da Hausa kowace shekara a wajen birni, a buga ta, domin malaman kwalejojin horon malamai su sami abin karantarwa.

Kwamitin da yake son ya gwada mai takara ba ya bukatar doguwar jarrabawa. Ya isa a roƙe shi ya bayyana, da Hausa, abin da ya faru ga sarautar Rano daga 1981 zuwa 2024, bayanin da zai iya maimaitawa ba ragi ba ƙari a fadar Rano, da fadar Kano, da gidan gwamnati, da kasuwar Kibiya. In ya iya, an sami malami. Saura jami'a ta duba takardar waƙafinta ta ga ko za ta iya riƙe shi bayan ya faɗa.